Kwalbar Baba Shekari

Baba Shekari ya rasu ranar wata Talata cikin watan Afrilun 1985, ya bar mini ɗakin tace ruwa, da mitar awon ruwa guda ɗaya, da wata kwalba mai launin ruwan ƙasa a kan kanta. Ban yi wani kukan kirki ba, gaskiya ɗaya ce. Shekara uku ina ƙarƙashinsa a wata masaƙa da ke Kudenda, kuma ban tuna ranar da muka tashi aiki ba mu yi musu ba.

Aikin namu ba wuya gare shi ba. Ruwan rijiyar burtsatse muke turawa cikin wani inji da muke kira R.O., ya matsa shi da ƙarfi ta jikin wata leda da aka naɗe cikin bututu. Ruwa ya wuce, gishiri da datti su tsaya. Kafin ya shiga sai mu ɗiga masa asid, don kada ledar ta toshe. In ya fito yana da ɗan tsami mai cin bututu, sai mu ɗiga masa soda, irin ta haɗa sabulu, ya dawo daidai. Awon da ke nuna mana daidai ɗin shi ne pH. Bakwai ne tsakiya. Ƙasa da bakwai tsami, sama da bakwai ɓangaren kanwa ke nan.

Ita mitar kowace safiya sai an saita ta. A tsiyayo ruwan kwalbar nan a ƙaramin kofi, a tsoma kan mitar, a murɗa har allura ta tsaya cak a kan bakwai, sannan a zubar. Ruwan kwalbar na musamman ne, daga waje ake kawo shi, kuma a shekarar nan ko ƙusa ba ta shigowa ƙasa cikin sauƙi. Ita ce kwalba ta ƙarshe a masaƙar.

Baba yana da doka ɗaya. "Jethro," in ji shi, "ka bar ruwa ya ɗan haura bakwai, rabin taki. Kada ka bari ya gaza." Wannan na yarda da ita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda in ya gama awo sai ya ɗibi ruwan a tafin hannu ya kurɓa, ya juya shi a baki yana kallon rufi. Ni da na yi shekara biyu a makarantar koyon sana'a, abin yana ba ni haushi. Na sha ce masa, "Baba, in harshe ne ke awo, me ya sa aka sayo mita?" Sai ya tofar ya ce ni dai in ci gaba da karatuna.

Bayan wata guda da binne shi na ga ruwan kwalbar ya sauka ƙasa da rabi. Na je sito, suka ce babu, kuma ba ranar zuwansa. To, me zan yi? Ruwan da injinmu ke fitarwa ai bakwai ne da ɗan ɗoriya, mita ce ta faɗa. Na buɗe famfo na cika kwalbar, daga ranar kuma duk lokacin da ta sauka sai in ƙara. Ban gaya wa kowa ba, saboda ban ga abin faɗa a ciki ba.

Akwai kuma abu na biyu da ban gaya wa kowa ba a wurin aiki. Kullum in na tashi ƙarfe biyu, nakan cika jarka in ɗaure a bayan keke in kai gida Romi. An hana, amma wa zai hana uba? 'Yata Grace tana da shekara ɗaya da rabi, kuma zawo ya kashe yara biyu a layinmu a daminar da ta wuce. Ni da matata Celina muna shan ruwan rijiya, cikinmu ya saba. Na jarkar nan kuwa na Grace ne ita kaɗai. Na kafa doka ko baƙo ba a ba shi. Har alfahari nake yi a coci cewa ko asibiti ba su da irin ruwan da 'yata ke sha.

Cikin watan Yuli abubuwa suka fara canzawa a ɗakin, a hankali, yadda ba za ka iya nuna ranar da suka fara ba. Akwai kwata a bayan tagarmu inda muke zubar da ragowar ruwan awo da na wanke tanki. Da damina kwaɗi ne cike a wurin, ko injin yana ruri kana jin su. Wata rana da hantsi na kashe inji don in canza mai, sai na ji shiru. Na leƙa. Ba kwaɗo ko ɗaya. Gansakukar da ke bin simintin ta ƙone, ta yi fari. Kyanwar da Baba ke ba ƙashin kifi, wadda ta saba lasar ɗigon famfo, ta zo ta sansana ta juya. Tun daga ranar ba ta ƙara shigowa ba, sai ta zauna a bakin ƙofa tana kallon kantar.

Sai ita kwalbar. Ran Litinin na bar ta a wuya, na tabbata, don da idona na duba. Ran Talata na tsiyaya, Laraba na tsiyaya. Alhamis na ɗauko ta na ga ta cika har murfi. Ban cika ta ba. Na tsaya riƙe da ita, gari a waye, injin yana ta gurnani. Na waiwaya bayana, ni da ke yi wa masu tsoron fatalwa dariya. Kujerar Baba ce kawai a wurin, da tsumman da yake goge hannu.

Magana ba ta ɓuya a masaƙa. Masu shara suka fara cewa kwalbar Baba Shekari ba ta ƙarewa. Wasu suka ce tsohon bai bar aiki ba, shi ya sa allura ba ta taɓa kaucewa. Kuma gaskiya ne, ba ta kaucewa. Kowace safiya in saita ta a bakwai, in auna ruwa, in ɗan ƙara soda har ya haura rabin taki, shi ke nan. Masu tukunyar tururi, waɗanda ruwan namu ke zuwa wurinsu, ba su taɓa kawo ƙara ba.

A wannan lokacin ne Grace ta fara ƙin ruwa. Da farko kawar da kai take yi. Daga baya ko kofin ta hango sai ta ƙanƙame uwarta. Leɓɓanta suka tsage, cikin bakinta ya yi ja, ƙuraje farare suka fito a harshe. Celina ta kai ta wurin nas ɗin unguwa, aka ce ciwon baki ne na yara, aka shafa mata shuɗin magani. Ba sauƙi. Yarinya ta rame, idanunta suka faɗa.

"Baban Grace," in ji Celina wata rana, "ruwan nan naka santsi gare shi. In na wanke mata kofi da shi kamar sabulu bai fita ba."

Na hau ta da faɗa. Na ce haka ruwa mai tsabta yake, ita da ta tashi da ruwan rafi ina za ta sani. Na ji kunyar maganar nan daga baya, har yau ina jin ta. Amma washegari na ɗebi na jarkar na kai wurin aiki na auna, don in rufe mata baki. Allura ta tsaya bakwai da rabi. Na dawo na faɗa mata.

Matan zumuntar cocinmu suka zo suka yi addu'a. Wata tsohuwa a cikinsu ta ja ni gefe ta tambaye ni ko akwai wani mamaci da na yi wa rashin kunya. Na ce babu. Ƙarya na yi, kuma ta san ƙarya na yi.

Ranar Juma'a, biyu ga watan Agusta, da safe kafin in fita, Grace ta kwana biyu ba abin da ya wuce maƙogwaronta sai ɗan nono. Nas ta ce a haɗa mata ruwan gishiri da sukari, da ruwa mafi tsabta da ake da shi a gida, a yi ta ba ta ko da ƙarfi ne. Na nuna wa Celina jarkar na ce ga shi nan, kada ta kuskura ta taɓa na rijiya.

Dab da ƙarfe biyu na fito bakin get da sabuwar jarka, zan ɓoye ta a bayan rumfar Asabe kamar yadda na saba. Asabe mai zoɓo ce, ta fi shekara goma tana sayarwa a wurin. Ta ce famfon layi ya ɗauke tun safe, in taimake ta da kwano ɗaya ta jiƙa na yamma. Raina bai so ba, amma ita ke rufa mini asiri. Na tsiyaya mata. Ta watsa ɗan zoɓo a ciki, muna hira.

Sai ta daina magana. Na bi idonta. Ruwan bai yi ja ba. Wani kore ne mai duhu yake fita daga jikin zoɓon, yana bin kwanon a hankali, har ya koma kusan baƙi.

"Malam Jethro, kanwa ka zuba a ruwan nan?"

"Wace irin kanwa? Ruwan inji ne."

"To injinku kanwa yake haifa. Ni dai tun ina yarinya ban ga abin da ke mayar da zoɓo haka ba sai ita, kuma sai an cika hannu."

Na tsiyaya a tafin hannuna. Yatsuna suka yi santsi. Na kurɓa, karo na farko a rayuwata. Ɗaci ne, da wani zafi da ya kama gefen harshena ya ƙi saki. Na tofar, na sake tofarwa, bai tafi ba.

Na koma ciki a guje. Nuhu, wanda ke karɓar aiki daga hannuna da rana, ya riga ya iso yana canza riga. Na ɗauko kwalbar na ce ya faɗa mini tsakaninsa da Allah ko ya taɓa ta. Ya sunkuyar da kai. Ya ce tun watan Yuni yake ƙara mata ruwan famfonmu in ya ga ta sauka, don kada a ce shi ya ƙarar. Ya ce shi ma sau da yawa yakan tarar ta cika ba shi ya cika ba, har ya daina zama a ɗakin shi kaɗai.

A nan na gane. Ba sauran ruwan Baba a kwalbar, namu ne. Kullum muna ce wa mita wannan shi ne bakwai, sannan mu ƙara soda ruwa ya haura shi da rabin taki. Sai mu zuba wanda ya haura ɗin a kwalba, gobe ya zama shi ne bakwai, mu sake haurawa. Mu biyu, wata uku, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Allura ba ta yi mana ƙarya ba, abin da muka gaya mata take maimaitawa.

Ban ko kashe famfon soda ba, na ce wa Nuhu ya kashe. Na hau keke. Daga Kudenda zuwa Romi ban san yadda na bi ba, na dai san na faɗi sau ɗaya a cikin taɓo kuma ban tsaya neman takalmina ba. Addu'a ɗaya nake yi a hanya, Allah ya sa yarinyar nan ta ci gaba da taurin kai, ta ƙi buɗe baki.

Na tarar da Celina zaune a ƙofar ɗaki, Grace kwance a cinyarta, cokali da kofi a gefe. Tana ganina fuskarta ta washe. Rabon da in ga ta yi murmushi an fi sati uku.

"Baban Grace, Allah ya ji kukanmu," in ji ta. "Na matse mata hanci kamar yadda nas ta ce. Kofi biyu ta shanye, ga na uku na haɗa."

Na ɗauki yarinyar. Ta buɗe baki za ta yi kuka, fuskarta duk ta yi kukan, amma sauti bai fito ba. Na ce wa Celina ta ɗauko zane ta biyo ni titi, zan faɗa mata a mota. A motar na faɗa mata duka, a gaban mutane. Ta karɓe 'yarta daga hannuna.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti. Grace ta rayu, ta yi makaranta, yanzu ita ma tana da 'ya'ya. Muryar ce ba ta dawo daidai ba. In ta zo gida ta kira ni daga cikin ɗaki, sai na taso na zo kusa kafin in ji abin da take faɗa.