Tagar da Ke da Kunya

Ga wata nan tafe gare ku.

Ta ƙaraso, muna ji.

Wata mai zanen gine-gine ce, a gida Auta ake ce mata. Mahaifiyarta, Inna, ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo ta, likita ya ce a riƙa zaunar da ita cikin haske, in ba haka ba zaman duhu ne zai ƙarasa ta. Sai Auta ta rushe bangon falo na wajen titi, ta sa gilashi garau tun daga ƙasa har rufi.

To, Inna tela ce a da, duk layin babu wanda bai sa ɗinkinta ba. Kowa ya gifta sai ya ɗaga mata hannu. Ita kuwa hannun dama ya ƙi tashi, gaisuwa da hagu kuma ta ce sai bayan ranta. Ba a jima ba ta sa aka tura kujerarta ɗakin ajiya, kusa da tsohon keken ɗinkinta. Abinci ma sai tsakura.

"Inna, ranar nan fa magani ce," in ji Auta.

"Kin sa ni a kwalba kamar alewar kanti," Inna ta ce, maganar tana fita da ƙyar. "A gaishe ni in kasa amsawa? 'Yar nan, gara duhun."

Wata safiya Auta ta kai ta kicin don ta sa mata ido. Tukunya na tafasa, tururi ya lulluɓe tagar, haske na shigowa amma ba a ganin kowa. Sai ga Inna ta miƙa fuska wajen, ta lumshe ido.

"Wannan tagar tana da kunya," ta ce.

Auta ta daɗe tsaye da ludayi a hannu. Daga baya ta sa aka cire gilashin falon, aka kawo wanda aka goge fuskarsa har ya yi fari kamar madara. Can sama ta bar siririn wuri garau, don a ga gajimare.

Inna ta dawo falo. Masu wucewa inuwarta kawai suke gani, su ce "Sannu, Inna," su wuce, ba mai jiran hannu.

A nan ta ci gaba da zama, tana cin abincinta, har ranar da Allah Ya karɓi abarsa da hantsi. Auta tana nan tana zanenta, sai dai kafin ta ja layi takan tambayi wanda zai zauna bayan gilashin. Mutanen layi kuwa, har yau wasu kan manta su gaida bangon.