Hoton da Mu'azu Ya Shanya

"Toshe ƙasan ƙohwar nan da kyau, ina ganin haske," in ji Baba Yari.

Mu'azu ya tura bargo da ƙafa, ɗakin ya yi duhu ɗuɗum da rana tsaka. Ba a jin komai sai tarin tsohon mara lafiya da motsin ruwan maganin wanke hoto a faranti. Yau kam Baba Yari ya rantse sai ya wanke fim ɗin hotunan da ya tara shekara goma sha ɗaya, manyan nan masu faɗin tafin hannu, na tsohuwar kyamararsa mai ƙafa uku. A cikinsu akwai na matarsa Inno, wanda ya ɗauka mako guda kafin rasuwarta. Ba ta da wani hoto a duniya sai shi.

"Wanga ɗauke shi da sannu, nata na," ya ce.

Mu'azu ya lalubo shi, ya miƙa masa. Shi manomin albasa ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu a Wurno, kuma duk abin da ya jiƙe a duniya maganinsa ɗaya ya sani. Bara waccan da ruwa ya shiga unguwa, Baba Yari yana kwance asibiti, shi ya kwashe masa kaya. Ya buɗe wani kwali, ya ji danshi, ya jera fim ɗin a tabarma cikin rana, ya ɗora wa kowanne tsakuwa, har yana yaba wa kansa. Sai bayan wata biyu, cikin hira, tsohon ya ce fim ɗin da ba a wanke ba, haske ko na ƙiftawar ido kashe shi yake. Tun ranar Mu'azu yake kai masa fura da kifin Goronyo, maganar dai ta ƙi fita.

Da aka janye bargo, Baba Yari ya ɗaga na Inno ya saita shi da ƙofa. Baƙi ƙirin. Ya ɗaga na biyu, na uku, duk haka.

"Baba," in ji Mu'azu.

"Mi na?"

Ya dubi ƙirjin tsohon yana hawa yana sauka da ƙyar, tsoro ya kama shi. "Ba komi."

"Hannuna ya mutu, ni ban sani ba. Shekara arba'in ban taɓa ƙona na kowa ba, sai nata." Tsohon ya share ido da hannun riga. "Ka yahe mani, ɗana, na hana ka zuwa hwadama a banza."

Mu'azu ya ce babu komai. Kunya ta ci shi, amma ya ce a ransa gobe zai faɗa. Gobe aka ce jikin ya tsananta. Jibi ya zo da maganar a bakinsa, ya tarar ana ba tsohon ruwa da cokali, bai san wanda ke kansa ba. Ranar Laraba da hantsi ya cika. Mu'azu ne ya zuba ruwa wajen wanka, shi ya kama makara ta gaba, mutane suna ta cewa irin wannan maƙwabci sai an tona.

Bayan sadakar uku, Firdausi, 'yar marigayin da ke aure a Rabah, ta same shi a ɗakin. Fim ɗin suna nan rataye a igiya.

"Kawu, Baba ya ce mani za ku wanke hoton Inna. Wanne na a ciki?"

Ya ciro ya miƙa mata. "Firdausi, ni na..."

Ba ta ji shi ba. Ta riga ta isa bakin ƙofa, ta ɗaga baƙin abin sama, tana karkata shi hagu da dama, ta kanne ido ɗaya.

"Ka gani," ta ce a hankali, "kamar ga bakin kallabinta nan ga gehe."

Ta goge shi da gefen mayafi, ta sake ɗagawa.