Tabon da ke Damtsen Zahara'u

Shekarar da kuɗin mai suka sa har masu saƙar tabarma suna biyan kujerar Makka, ɗan Zahara'u ya biya mata. Saura lambar rigakafin cutar agana, wadda ba a hawa jirgi sai da ita. Aka ɗauko matan garinsu Kebbe a akori-kura zuwa Tambuwal, aka tsaga wa kowace damtse.

Hannun abokan tafiyarta ya ɗuri ruwa, suna ta raki suna jin daɗi, don an ce wadda lambarta ta kama ita ce da tafiya. Nata kuwa ɗan ƙaiƙayi ya yi washegari, ya tasa kamar cizon sauro, ya lafa. Zahara'u ta daina cin tuwo. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa!

Ta koma Tambuwal a tsorace. Malamin asibitin, Almu, ya juya ɗaya hannun, ya ga wani tsohon tabo kamar kwabo, ya yi murmushi. Ta ce ƙunar kunu ce tun tana goye. Ya ce a'a, lamba ce. Akwai wasu ƙwayoyi a jini, in ji shi, da ke haddace kamannin cuta kamar yadda gardi ke haddace allonsa. Nata sun ga baƙon sun gane shi, suka kore shi tun daga zaure. Makka kam za ta.

Murna ta zo, mamaki ya danne ta. Ai kowa ya san babanta cikin rumbu yake ɓoye yara in masu lamba sun shigo gari. Ta nufi wurin gwaggonta Na'inna, wadda ta rene ta tun rasuwar uwarta a annobar agana.

Da ta gaya mata abin da malamin asibiti ya ce, tsohuwar ta ce:

"Innakki ta ɗauke ki tac ce za ta rijiya, ashe wurin masu lamba tak kai ki. Da tad dawo, ita taz zuba kunu ga zanenta don a yarda ƙuna ce. Ita kam ba ta tsaya anka yi mata ba, tsoron a gane."

Zahara'u ba ta san fuskar uwarta ba, ko muryarta. Ta dafa tabon da yatsa. Ashe duk tsawon shekarun nan jininta na riƙe da safiyar da aka ce an tafi rijiya.