Tari a Bangon Gida Mai Lamba Sha Huɗu

Glenys na riƙe da ƙafar tsani, Alwyn magini kuwa ya shige saman silin har ƙugu, ba a ganin komai nasa sai ƙafafu da ƙurar da yake zubo mata a ka.

"Me ka gani?"

"Duhu. Sai aikin babanki, Allah ya jiƙansa. Duk inda ya ga rami, jarida ya cusa."

Gidan ɗaya ne cikin goma sha biyu da ke manne da juna a layin, lambobinsu na tafiya biyu-biyu, na jan bulo, waɗanda masu masana'antar tangaran suka gina wa leburorinsu tun zamanin kakannin kakanni. Ɗaki biyu a ƙasa, biyu a sama, da matakalar da sai ka yi sallama da iyali kafin ka sauko ta. Masana'antar ta mutu tuni. Gidajen sun ƙi bin ta, kowane ya jingina da maƙwabcinsa kamar mashaya a hanyar komawa gida. Bulon gaba ya yi baƙi da tsohon hayaƙi, na ƙasa kuma yana marmashewa, domin wani mai hikima, wato mahaifinta Wilf, ya taɓa shafe bangon da siminti. Danshi ya rasa hanyar fita, ya dawo ciki ya zauna da su.

Wilf ya shekara tara a kabari. Matarsa Beryl, mai shekara tamanin da shida, tun damina take cewa tana jin tarinsa a bangon murhu. A jakar Glenys akwai takardar gidan kula da tsofaffi da za ta miƙa wa likita gobe. Tambaya ta bakwai na cewa: tana jin muryoyin da babu su? Glenys ta rubuta "e" tun makon jiya, da kyakkyawan rubutu. Ta kira Alwyn ya duba gidan kafin a sa shi a kasuwa, amma tsohuwar an gaya mata yoyo ya zo gyarawa.

Ya sauko fuskarsa duk baƙin hayaƙi, yana murmushin wanda ya ci jarrabawa. Suka iske Beryl a kujerarta gaban murhu, ta zuba shayi kofi uku.

"Anti Beryl, na gano fatalwarki. Har lambar gida gare ta, sha shida."

"Goge hannunka kafin ka taɓa min kofi."

"Bututun hayaƙinku da na maƙwabcinku tsoho Bloor a haɗe suke, bulo ɗaya tak ya raba su, shi ma ya rufta. Duk tarin da Bloor ya yi, ta nasa yake hawa, ya sauko ta naku."

Glenys ta jira ta ji sanyi a ranta. Bai zo ba. Ruɗewar tsohuwa ta riga ta yanke mata hukuncin da ita ta kasa yankewa, na kai ta gidan tsofaffi, ga shi magini da tocilarsa ya zo ya maido mata da nauyin a ka.

Beryl ta kurɓi shayi.

"Kai Alwyn, tun kana yawo da majina nake gaya wa uwarka ba ka duban gabanka. Bloor ai 'yarsa ta ɗauke shi tun Kirsimeti. Ba ka ga allon sayarwa a ƙofarsa ba?"

Bai gani ba. Glenys ma ba ta gani ba. A layin nan ba mai shiga ta ƙofar gaba sai likita da ɗan sanda, ba mai fita ta nan sai gawa. Kowa ta lungun baya yake bi, tsakanin kwandunan shara.

Alwyn ya sosa ƙeya. "To, na sha takwas ne, ko na ashirin. Can sama babu katanga ko ɗaya, daga wannan ƙarshe har wancan. Layin nan gida ɗaya ne mai ƙofa goma sha biyu."

"Ka gama?"

"Mama, don Allah," in ji Glenys.

Tsohuwar ta miƙa hannu ta ɗauki ƙarfen tona wuta, ta ƙwanƙwasa bayan murhun sau uku, yadda matan layin ke kiran maƙwabciya a da in naƙuda ta taso ko wani ya cika. Ta ajiye ƙarfen a kan cinyarta.

Shiru. Wata mota ta wuce, tagar ta girgiza. Ɗan baƙin hayaƙi ya zubo a kan toka.

Sai ga shi. Gajere sau biyu, ɗan tsayawa, sannan dogo ɗaya mai jan ƙirji, kamar ana jan buhun tsakuwa a daɓe. Shekara ashirin Glenys ta yi tana jin wannan tarin ta bangon ɗakinta. Ta san inda mahaifinta yake tsayawa ya nemi numfashi, a nan ɗin kuwa ya tsaya.

Alwyn ya ƙura wa silin ido.

"Rabin tsofaffin garin nan haka suke tari," ya ce, muryarsa ta ɗan yi ƙasa. "Ƙura ɗaya suka shaƙa a masana'anta. In kina so, Glenys, rabin yini ya ishe ni in toshe ramin."

"Ka taɓa min bango ka gani," in ji Beryl. "Sha shayinka, yana hucewa."

Bai sha ba. Ya tuna da wani aiki a bayan gari, ya kwashi tsaninsa ya fice ta lungu.

Glenys ta shiga kicin, ta shimfiɗa takardar a kan teburin da ƙafarsa ɗaya ke bisa guntun bulo saboda daɓen ya karkace. Ta nemo tambaya ta bakwai, ta ja layi a kan "e". Ta daɗe tsaye da biro a hannu, tana kallon tabon danshin da ya kai mata ƙugu a bango.

Daga ɗakin gaba tsohuwar ta ɗaga murya.

"Glenys, kin ji shi, ko?"

"Ban ji komai ba, Mama," ta ce, sannan ta rubuta "a'a".