Ƙayar Kifi

Dattu Tandel direban ƙaramar motar haya ne a Mumbai. Yana da mata, Manda, da 'ya ɗaya, Sharvari, mai shekara takwas. Ɗaki ne ba su da shi, don za a rushe ginin da suke ciki kafin damina.

Jaridar unguwa ta daina buga tallan hayar da ya ce "masu cin ganye kaɗai", wato ban da masu cin nama da kifi, saboda haka tallan wata mai gida, Kokila, ya fito tsaf: "Ɗaki na haya, kowa ya zo." Dattu bai yarda da wannan kowan ba. A hanyar zuwa ganin ɗakin ya yi ta bita da 'yarsa.

"Me muka ci jiya?"

"Shinkafa da miyar wake."

"Shekaranjiya fa?"

"Ita dai, Baba. Har na ƙoshi da faɗa."

Kokila ta tare su da murmushin da bai wuce haƙora ba. Ba ta tambayi addini ko asali ba, ai ita mai bin ƙa'ida ce. Ta tura iyayen su duba famfo, ta jawo yarinyar jikinta, ta ba ta alawar madara.

"Zo nan, 'yar albarka. Wallahi kin yi kama da jikata. Kin ga jiya ɗan mai gadinmu ƙayar kifi ta maƙale masa a wuya, yana ta kuka, na rasa abin yi. Ni tsohuwa me na sani?"

Tausayi ya kama Sharvari, har ta kira ta Kaki, wato gwaggo.

"Kai, Kaki, ai da sauƙi! A dunƙula shinkafa ya haɗiye, kada ya tauna. Haka Aai, mamata, take yi mini kullum."

"Kullum? Madalla da yarinya mai wayo."

Da iyayen suka fito, sai Kokila ta dafe goshi. Wai yanzu ta tuna, ta riga ta yi wa ɗan ƙanwarta alkawarin ɗakin. Tana magana tana ture kujerar da yarinyar ta zauna da ɗan yatsan ƙafa.

A bakin ƙofar ginin Sharvari ta tsaya gaban mai gadi.

"Kaka, ya wuyan ɗanka?"

"Wane ɗa? Ko aure ban yi ba, 'yata."

Manda ta dubi mijinta. Alawar tana hannun Sharvari, ta fara narkewa. Ta sa ta a kwandon shara, ta goge tafinta a siket.

Ranar ta gane cewa babba na iya ƙirƙiro yaro mai kuka don kawai ya san abin da ake dafawa a gidanku.