Yana Nan a Rumfarsa

Da Wasila ta ji maganar Mansur tun farko, da ba a kai ga haka ba. Amma wa ke jin maganar taubashi, mutumin da tun suna yara bai taɓa faɗa mata abu ba sai ya haɗa da tsiya?

Ita dai so take ta buɗe wa mahaifinta shafi a intanet. Malam Kolo baduku ne a unguwar Birni, shekara hamsin yana ɗinka gafaka da zabira da matashin fata. Kowane zane da yake yi yana da suna da labarin wanda ya fara shi, kuma duk a kansa suke. Ɗansa namiji ɗaya, Nazir, ya zaɓi tuƙin mota a Takieta, ko almakashi ba ya riƙewa.

Mansur yana aiki a shagon intanet kusa da kasuwar Dole. Ya buɗe mata dandali biyu, ya jera su gefe da gefe.

"Wannan na ragwaye ne irinki," in ji shi. "Da yatsa za ki ja hoto a salula ki ajiye inda kike so, lambar waya kawai suke tambaya. Amma komai a hannunsu yake. Wancan kuwa sai da ordinata, wato kwamfuta, zai sa ki zufa, amma duk ranar da kika ga dama ki kwashe kayanki ki zuba a kile, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa ordinata, ki sa a jaka. Shi nake zaɓa miki."

"Baba zai zo shagonka ya zauna ne?" ta ce.

Gaskiyarta a nan. Ta ɗauki na farkon. Da aka zo wurin lamba, sai ta sa ta mahaifinta. Rumfa tasa, suna nasa, ina 'ya za ta ɗora lambarta a kan sunan uba? Ita a ganinta ladabi ta yi.

Wata takwas tana zama gefen mahaifinta bayan la'asar, yana faɗa tana rubutawa kai tsaye cikin shafin. Zane arba'in da uku suka yi. Ya hana ta fitar da ko ɗaya, wai shi bai taɓa nuna wa mai saye jakar da ba a gama ɗinka ba. Zane-zanen suka zauna a ɓoye cikin dandalin. Abin da duniya ke gani shi ne fuskar shafin kaɗai: hotonsa da hular dara, da layi guda. "Malam Kolo yana nan a rumfarsa kullum, daga hantsi zuwa la'asar."

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke shi. Bayan sadakar arba'in aka raba gado, salularsa ta faɗa rabon Nazir. Wasila ko tunawa da shafin ba ta yi ba sai da tata wayar ta mutu ta sayi wata. Tana ƙoƙarin shiga, dandalin ya ce ya aika lambar sirri zuwa layin mai shafin.

Ta kira Takieta.

"Yaya, layin Baba yana wurinka?"

"Na karya shi."

"Ka karya?"

"Wasila, kullum sai an kira an ce a ba Malam. A gaban Inna aka kira sau biyu, kin ga yadda ta yi? Na ɓalle shi na jefa a murhu."

Ta kasa yi masa faɗa, don shi ma tausayi ne ya sa shi. Ta je kamfanin waya da takardar rasuwa, aka ce sai takardar magada. Kafin ta haɗa ta, layin ya daɗe a kashe, an ba wani. Ta kira shi, namiji ne ya ɗauka, ya ji ana tambayar lambar sirri ya ɗauka 'yar damfara ce, ya toshe ta.

Mansur ya buɗe mata sabon shafi a dandali na biyu. Ta zauna gaban farin allo tun safe har azahar tana tuno zane-zanen. Goma sha ɗaya suka zo, uku daga ciki ba labari, sai suna. Ta jira Mansur ya ce ai ya gaya mata. Bai ce ba, ruwa ya miƙo mata, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

Ranar wata Laraba da hantsi tana share rumfar, wani mutum ya yi sallama, ya ce daga Mirriya yake. Gafaka yake so ga mahaifinsa, irin ta hannun Malam. Inna tana zaure, tana jin komai.

"Allah ya yi masa rasuwa," in ji Wasila. "Wata bakwai ke nan."

Mutumin ya yi salati, ya duba wayarsa, ya juyo mata ita kamar mai neman gafara. Ga Baba nan da hular dara yana kallonta.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Nan na ga an rubuta yana nan kullum."

"Ni na rubuta," ta ce. "Ba ni da ikon gogewa."

Daga zaure ta ji Inna ta tashi a hankali ta shige ciki.