Injin Aron Persa

Duk kaka, in jan tattasai ya nuna, hayaƙi ke tashi daga kowace tsakar gida a ƙauyen nan na gefen garin Strumica. Mata su gasa tattasan a wutar itace, su ɓare, su niƙa, su yini suna juya shi cikin mai har ya zama wata miya mai kauri da suke kira ajvar, su ɗura a kwalabe su kai kasuwa. Da kwalaben nan Persa ta aurar da 'ya'yanta, da su take sayen maganin mijinta Metodi. Ba ta da wata sana'a.

Sai labari ya zo cewa gwamnati na shirin hana masu sayarwa gashi a wutar itace, sai dai a injin lantarki. Amma kafin a zartar, za a turo jami'i daga Skopje, babban birnin ƙasar, ya duba ko dokar za ta karya ƙananan masu sana'a.

"To, ya zo mana," in ji Metodi. "Ya shaƙi hayaƙin nan ya yi tari, ya koma ya faɗa musu ba mu da halin inji."

"Ji ka dai," Persa ta ce. "Baƙo daga birni, in tare shi da baƙin murhu da bango duk kunkunniya? Ya je ya ce matan garin nan ƙazamai ne? Ba a gidana ba."

Persa mace ce da za ta kwana da yunwa amma maƙwabciya ba za ta ji kukan cikinta ba. Ta je wurin ƙaninta mai ɗakin biki a gari, ta aro injin gashinsa mai ƙyalli, ta shafe ɗakin girki da farar ƙasa, murhun kuwa ta jibge shi da buhunan albasa. Da maƙwabta suka leƙo, kowacce ta ce ita ma ba za a bar ta a kunya ba. Metodi ya tuna musu cewa zanen aro ba ya rufe katara. Babu wadda ta saurare shi.

Jami'in ya zo, wani siririn saurayi mai suna Kiril. Kowane gida ya shiga, sai a tsare shi da gahawa da kayan zaƙi, maza kuma su ɗora injin a baro su zaga da shi ta bayan lambu zuwa gida na gaba. Matan sun sha dariya ranar, kamar sun ci wata gasa.

A gidan Persa ya ajiye kofi ya dube ta.

"Goggo, tsakaninki da Allah, in dokar nan ta zo, za ta taɓa ki?"

"Haba ɗana, me zai taɓa mu? Mun gode Allah. Ci, ka ga yadda ka rame. Ba sa ba ku abinci a birni ne?"

A garin nan ba a yi wa baƙo kuka alhali yana cin abincinka.

Kafin kaka ta zagayo doka ta fito. Aka ce bincike ya nuna ƙananan masu sana'a sun riga sun koma inji, don haka babu tallafi, babu wa'adi. A kasuwa aka fara ƙwace kwalaben da ba su da hatimin gashin inji. Injin kuwa, ko Persa ta sayar da gonar tattasan ba za ta iya sayensa ba. Baƙin ciki ya hana ta cin abinci. Matan suka taru suka ce tunda ita ta fara, ita za ta je ta gyara.

Da ta isa ofishinsa a Skopje, Kiril ya gane ta nan take.

"Ɗana, ƙarya muka yi maka. Injin na aro ne."

"Na sani, Goggo. Tun a gida na biyu na gane shi, gefensa a lotse yake."

"To me ya sa ka rubuta?"

"Abin da kuka faɗa aka aike ni in kawo, ba abin da na yi zato ba. Mutum ɗaya nake nema ya buɗe baki ya ce ba zai iya ba, da na sami abin riƙewa. Gida-gida na roƙe ku, kuna ta cusa mini zaƙi." Ya shafa goshi. "Uwata ma a itace take gashi. Ita ma ta rufe sana'ar."

"Yanzu ba gyara?"

"An riga an sa hannu."

Da la'asar motar ta sauke ta a bakin ƙauye. Matan na tsaye a gindin wata babbar bishiya suna jira, Ljuba maƙwabciyarta a gaba, ta riƙe haɓar zanenta na girki.

"Yaya, Persa? Me ya ce?"

Persa ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Gaskiyar ta zo mata har maƙogwaro. Sai ta gyara ɗankwali, ta miƙe kafaɗa.

"Ya karɓe ni hannu bibbiyu," ta ce. "Ya ce a gaishe ku."